Ƙasar Kabarin Baba Isuhu Ba Ta Bushe Ba Aka Buɗe Kyamarorinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar yau ina shirin fita aiki aka bugo min waya, wai Baba Isuhu mai gyaran kyamara ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kwanta, shi ke nan.

Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Niyyata in rubuta alherinsa in yi shiru, kamar yadda kowa yake yi. Amma abin da na gani yau bayan mun dawo daga maƙabarta ya tsaya min a wuya, ko abinci na kasa ci. Ku yi haƙuri da ni, sai na faɗa.

Duk wanda ya daɗe a Dutse ya san ɗan shagon nan na bayan tasha, mai ƙofar langa-langa. A nan Baba yake zaune da tabarau a kan hanci, gabansa farin ƙyalle, a kan ƙyallen ƙananan kusoshi kamar ƙwayar gero. Yana sayen tsofaffin kyamarori masu fim, irin waɗanda mutane suka watsar tun da waya ta zo. Ya kwance su, ya goge fumfunar da ta ci gilashin, ya ciri wani abu daga matacciya ya tayar da mai sauran numfashi, sannan ya sayar wa 'yan jami'a da masu sha'awar hoton da.

Ni hoton biki nake ɗauka, da kyamarar zamani. Amma a gabansa na koyi riƙe kyamara. Ranar da na fara zuwa na ɗauki wani gilashi na goge shi da gefen rigata, sai ya karɓe ya ce, "Nura, idonka ma da riga kake goge shi?" Ya miƙo min dabino ya ce in zauna in kalla.

Bai taɓa barin baƙo ya fita shagon nan baki a bushe ba. In ba dabino, to ruwan randa.

Kuma bai iya ɓoye aibin kaya ba. Mai saye zai zo yana ta zumuɗi, Baba zai ɗaga gilashin sama ya ce, "Ka ga wannan ɗan zanen? Yana nan, ban iya fitar da shi ba. In ka yarda da shi, bismillah." Sau da yawa ina tsokanarsa cewa shi ne ɗan kasuwar da yake kushe kayansa da bakinsa. Dariya kawai yake yi.

Akwai wata ɗabi'a tasa da nake so ku gane, don a kanta maganar take.

In aka kawo masa tsohuwar kyamara, ba ya taɓa buɗe bayanta kai tsaye. Sai ya ɗan juya abin naɗe fim da yatsa biyu, yana saurare. In ya ji da nauyi, to akwai fim a ciki da ba a wanke ba. Fim kuwa in haske ya taɓa shi kafin a wanke, ya tafi har abada, babu malamin da zai dawo da shi. Sai Baba ya naɗe kyamarar da baƙin ƙyalle, ya ɗaure da zare, ya ɗora a kan kantar sama. Yakan ce, "Wannan akwai mutane a ciki, a bi ta a hankali."

Ba ya sayen irin wannan sai ya wanke fim ɗin ya mayar wa mai shi hotunansa. Duk wanda yake shiga shagon nan ya san ma'anar baƙin ƙyallen, har mai shayin da ke maƙwabtaka da shi.

Watan jiya wata tsohuwa ta zo daga wata ruga kusa da Aujara, Goggo Dije. Ina shagon ranar. Ta kwance ƙullin zani ta fito da kyamara, ta ce ta ji ana saye. Kyamarar ta ɗanta ce, mai hoto ne da yake zagaya kasuwannin ƙauye a keke, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Ringim fiye da shekara ashirin. Tun ranar kyamarar tana ƙasan adakarta.

Ɗan fari ne. Kun san kunyar Fulani a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa ba, "yaron nan" kawai take cewa.

Baba ya juya abin naɗin, ya tsaya. Ya ce, "Goggo, akwai fim a ciki."

Ba ta gane ba sai da ya yi mata bayani. Sannan ta ce ana gobe zai rasu ya kafa kyamarar a kan turmi, ya danna wani abu, ya rugo ya tsaya kusa da ita kafin ta yi ƙara. Ita ta ji kunya ta kawar da kai. Ta ce duk aikinsa ɗaukar mutane, amma shi ko hotonsa ɗaya babu a gidan.

Sai ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa, "Yanzu yana nan ciki?"

Baba ya ce, "Ban yi miki alkawari ba. Ya daɗe, ya sha zafi. Amma na taɓa fitar da wanda ya kai shi daɗewa. Ki ba ni lokaci."

Abin naɗin ya yi tsatsa, fim ɗin kuma ya bushe, in aka tilasta shi zai tsinke. Don haka ya ce sai dai ya buɗe ta a cikin baƙar jakarsa mai hannu biyu wadda haske ba ya shiga, ya zaro shi da laluben yatsa. Ya naɗe ta da ƙyalle ya ɗora a sama. Maganin wankinsa ya ƙare, ni ya aika Kano na nemo masa.

Shekaranjiya na kai masa, shi ne ganinmu na ƙarshe. Na same shi yana tari, ya ɗan faɗa. Na ce, "Baba, mu wanke na Goggo yau mana."

Ya ɗaga hannunsa ya nuna min yana rawa. Ya ce, "Ba da wannan hannun ba. Sau ɗaya ake yi, in an ɓata an ɓata. Bari in warware."

Ya ce in gaida maman yara. Na tafi.

To yau muna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunmu duk ƙasa, na ce bari in biyo ta bayan tasha in ga ko an kulle shagon da kyau. Daga nesa na hango ƙofar a wangale.

Tasi'u ne, ɗan wan Baba. 'Ya'yan Baba duk mata ne, shi ya sa Tasi'u yake ganin kansa magaji. Na gan shi a sahun sallar gawa, amma ban gan shi a maƙabarta ba. Ashe daga sallama ya zame ya karɓi makulli a cikin gida, wai zai ɗauko tabarmi na zaman makoki.

Tabarma kam ya shimfiɗa, a ƙofar shago, cikin tsakiyar rana. Ya jera kyamarorin Baba a kai kamar tumatir a kasuwa. Kusa da shi wani mutum ne da ya zo daga Kano, irin masu sayar da tsofaffin kaya a intanet, ya durƙusa da waya yana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Yadda aka yi ya iso Dutse da wuri haka, sai dai in tun kafin a yi wa Baba wanka aka kira shi.

Ko ungulu tana jira a watse.

Duk kyamarorin bayansu a buɗe. Baƙaƙen ƙyallayen an tara su gefe guda, an yanke zarurrukan da reza.

Na ga ta Goggo Dije a hannun baƙon, yana leƙa cikinta yana gyaɗa kai. Fim ɗin yana ƙasa kusa da kwata, an zaro shi gaba ɗaya, ya nannaɗe kamar ɓawon rake. Rana tana dukansa.



Na ce, "Tasi'u, me ka yi?"

Ya ce, "A'a, Nura, ya haƙuri? Bawan Allahn nan ne yake so ya ga cikinsu, ba ya sayen abu a rufe."

Na ce, "Ba ka san ma'anar baƙin ƙyallen ba?"

Ya ce, "Na sani mana. Tsarabe-tsaraben Baba ne kawai. Fim ɗin da ya shekara ashirin me zai fito? Kuma wa yake ta hoton takarda yanzu?"

Da a ce bai sani ba, da na ce rashin sani ne na haƙura. Ya sani. A shagon nan ya sha zama yana cajin waya, a gabansa Baba ya sha ɗaure ƙyallen nan.

Baƙon kuwa ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Ya ɗago ya ce min wannan samfurin yana tafiya sosai a waje, musamman da gilashinta bai yi fumfuna ba. Har yana tambayata ko na san inda murfin yake.

Na fizge kyamarar daga hannunsa. Na ce wannan ba ta Baba ba ce balle ta shiga gado, amanar wata tsohuwa ce, rabin abin da ke tabarmar nan ma na mutane ne da suka kawo gyara. Tasi'u ya miƙe yana cewa ni wane ne a gidan. Gaskiyarsa, ni ba kowa ba ne. Amma ni na tsaya har aka gama rufe kabarin.

Hayaniyarmu ce ta jawo mai unguwa da liman. Liman bai yi doguwar magana ba, ya ce a mayar da komai ciki, ya sa aka kawo sabon kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa. Ya dubi Tasi'u ya ce, "Ba a raba gado ranar jana'iza, kai ma ka sani." Baƙon ya tare Keke Napep ya yi gaba, ko Allah ya jiƙan rai bai ce ba.

Kyamarar Goggo kam ban mayar ba, tana hannuna. Na sunkuya na ɗauki fim ɗinta na kaɗe ƙasar, na sa a aljihu. Ba na Goggo kaɗai ba ne, akwai wasu guda biyu a wurin da ban san masu su ba. Wataƙila sunan wani ne, wataƙila bikin wata. Su ma sun tafi.

Na koma wurin zaman makoki ina addu'ar kada labarin rasuwar ya kai Aujara yau, in samu ko kwana biyu in shirya abin da zan ce.

Bayan la'asar aka ce wata tsohuwa tana sallama da ni a zaure. Direban motar garinsu ne ya gaya mata, ta biyo shi. Ta riga ta shiga ta yi wa iyalin gaisuwa, har da ɗan man shanu a kwano ta kawo musu.

Ta yi min ta'aziyya, ta daɗe tana yi wa Baba addu'a. Ta tambayi jinyarsa, ta tambayi yarana. Har ta gyara mayafi kamar za ta tashi, sannan ta ce, tana kallon ƙasa, "Ɗan nan, ko Malam ya samu ya duba abin nan kafin Allah ya karɓe shi?"

Na so in ce mata an wanke bai fito ba. Da ta yarda, da ta tafi tana cewa ƙaddara. Amma ƙaryar a kan aikin Baba za ta faɗa, shi kuwa bai ɓata komai ba. Na gaya mata yadda aka yi. Na ajiye kyamarar a gabanta, na ciro fim ɗin daga aljihu.

Ta karɓa ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, tana bin sa a hankali daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Babu komai a jikinsa, fes yake.

Ta ce, "Ko kaɗan ba zai fito ba?"

Na ce, "Ko kaɗan, Goggo."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi sunan wanda ya yi ba. Ta naɗe fim ɗin a yatsanta, ta ƙulle shi a bakin mayafi. Kyamarar kuma ta turo min ita, ta ce in ba wanda zai yi aiki da ita.

A bakin ƙofa ta tsaya tana neman takalminta. Ta ce, "Ba don komai nake so ba. Fuskarsa ce ta ɓace min. Lokacin da yake nan ban cika kallonsa ba."

Na raka ta tasha. Na tsaya har motar ta tashi.

Tasi'u yana can yanzu a kan tabarmar makoki, ya sunkuyar da kai, ana ta miƙa masa hannu ana ba shi haƙuri, yana amsawa da muryar mai jimami. Na kasa zama kusa da shi, shi ya sa na taho gida. Allah ya shirye shi. Wannan addu'ar ma da ƙyar ta fito daga bakina.

Ya Allah ka jiƙan Baba Isuhu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka saka masa da Aljanna saboda amanar mutane da ya riƙe har ranar da ya bar duniya. Ka ba iyalansa haƙuri. Ka jiƙan ɗan Goggo Dije, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a inda za ta kalle shi son ranta.

Duk wanda ya karanta ya kai nan, don Allah kada ka tsaya a danna hoton hawaye ka wuce. Ka buɗe baki ka yi wa Baba addu'a, ka saka da tsohuwar nan a ciki. Har yanzu tana mota, ba ta kai gida ba.