Ƙofar Shanu a Gadar Hanyar Sheme

A duk shekarun da na yi ina aikin hanya, ban taɓa mantawa da wata Laraba ba, bayan an gama girbi, lokacin da muke sauya ƙarafen gefen wata gada tsakanin Ƙanƙara da Sheme. Ni ne foman a wurin, wato shugaban ma'aikata a bakin aiki. Sama da ni akwai Injiniya Lawal, wanda ke ofis yana turo mana zanen aiki, sai ya zo dubawa in an kai wani mataki.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙarfen gefen gada ba ado ba ne. In mota ta ƙwace, shi ke tare ta, ta goga a jikinsa ta koma kan kwalta maimakon ta faɗa rafi. Ba a bakin gada yake tsayawa ba, ana jan sa gaba da baya har inda gangare ya ƙare. Ƙa'idarmu kuma ita ce a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, don kada gada ta zauna a buɗe ta ko'ina.

Tsohon ƙarfen wannan gada gajere ne, ya ci tsatsa, wata tirela ma ta taɓa kwantar da rabinsa. Sabon zane ya ce a ja shi nesa. Muka fara da gefen yamma, muka haƙa ramuka, muka kafa turaku da kankare, muka ɗaure fallayen ƙarfen da noti. Wajen azahar ranar Larabar nan Malam Sada mai walda ya gama na ƙarshe. Aiki ya yi kyau, na tsaya ina kallonsa ina jin daɗi.

Sai ga garken shanu daga gabas, inda ba mu kai ga rufewa ba. Suka hau kwalta dab da bakin gada kamar yadda suka saba, za su gangara mashaya ta yamma, suka tarar da ƙarfe a gabansu. Na gaba suka ja baya, na baya suna turowa, kafin masu kiwon su yi wani abu garken ya juya ya shige kan gada. A daidai lokacin wata babbar mota ɗauke da buhunan masara ta ɓullo daga wajen Sheme, tana gangarowa.

Na fizgi jar tuta na ruga ta tsakanin shanun, wani bijimi ya take ni a ƙafa ban ma ji ba. Na fita ɗaya bakin ina kaɗa tuta da duk ƙarfina. Direban ya taka birki, motar ta yi ta jan taya har ta tsaya, tsakaninta da saniyar farko bai wuce tsawon igiya ba. Ya sauko ya zauna a gefen hanya yana salati.

Bayan an kora shanun, wani dattijo mai suna Baba Jae, wanda shi ne babba a rugar da garken ya fito, ya zo ya gaishe ni a natse. Bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya kai ni gabas da titi, ya nuna mini burtali, hanyar shanu da kofato ya daɗe da dakewa.

Ya ce, "Malam Isiya, wannan hanyar ta girmi kwaltar nan. Shanu ba su san an sauya ba. Gobe ma nan za su zo."

Gaskiya na ga sawun tun ranar da muka sauka, ban dai tsaya na tambayi inda ya nufa ba. Na ce masa, "Baba, laifina ne. Ku zagaya ta ƙasan gada kwana biyu, ni kuma zan san abin yi."

Na dakatar da aiki, na kira Injiniya Lawal a waya. Ya ce zane ba ya canzuwa saboda shanu, kuma in aka bar giɓi a tsakiyar ƙarfe, mota mai gudu za ta iya cin karo da bakinsa ya soke ta. Maganarsa daidai ce, na sha ganin irin wannan hatsari. Amma na ce masa in muka rufe gabas ma, garken zai bi gefen ƙarfe har ƙarshensa, ya hau titi a kan kwana inda direba ba ya hango komai.

Na ce, "Yallaɓai, ni ba zan haƙa rami ko ɗaya ba sai ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce a rufe, zan rufe."

Ya ce zai zo da safe.

Washegari ya iso da hantsi. Ban yi masa dogon bayani ba, na sa shi a gaba muka bi burtalin da ƙafa, Baba Jae na biye, daga gabas har bakin ruwa. Da muka dawo na zana masa shawarata da tsinke a ƙasa. A yi ƙofa a kowane gefe, nesa kaɗan da gada, inda ƙasa ta daidaita kuma direba ke hangowa daga nesa. Falle ɗaya ya wuce ta gaban ɗaya, a bar lungu a tsakaninsu wanda saniya za ta bi a karkace amma mota ba ta da hanyar shiga. Bakin kowane ƙarfe a lanƙwasa shi waje a binne a ƙasa. Injiniya ya gwada da tef ɗin awo, ya ƙara wa fallen gaba tsawo, ya tambayi Baba Jae ko shanu biyu za su wuce a jere. Dattijon ya taka wurin ya ce za su wuce. Nan take ya sa hannu a kan gyaran.

Sai da muka fasa kankaren turaku huɗu da muka kafa da hannunmu. Malam Sada ya yi ta ƙorafi, wai tun da yake bai taɓa kwance aikin da babu aibu a jikinsa ba, amma shi ya lanƙwasa bakunan, kuma ban taɓa ganin ya yi masu kyau kamarsu ba. Muka kafa allon gargaɗi a ɓangarorin biyu. Ranar da muka gama, Baba Jae ya ja wata tsohuwar saniya ta ƙofar, sauran suka bi ta a layi, suka tsallaka kwalta suka gangara ruwa.

Daga nan aka tura mu wata gada ta wajen Sabuwa. Ranar farko ban bari an sauke ko diga ba. Na zauna a gindin gadar tun safe har la'asar ina kallon masu wucewa, a nan na ga hanyar da mata ke bi zuwa wanki da inda masu babur ke sauka su yanke. Duk na sa a takarda na aika ofis kafin mu fara.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, zane yana gaya muku tsawon ƙarfe da zurfin rami, kuma ku bi shi sau da ƙafa. Amma wanda ya zana shi yana ofis, ku ne a bakin gada. Kafin ku rufe wuri, ku tambayi mutanen da ke bi ta nan, za su gaya muku.