Baƙon da Ya Zo Neman Musu

Jiya da hantsi abokina na ƙuruciya, Malam Garba, ya iso gidana a Bodinga daga Horo Birni. Bai gama zama ba ya ce geron garinsu ya fi namu daɗin fura.

Na ce, "Ƙarya kake, Garba!"

Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Abin da yak kawo ni ke nan. Can gida komi nic ce, sai yara su ce 'Hakanan na, Baba,' su koma hirarsu."

Muka yi ta musu har azahar.

Wata girmamawar kan bar tsoho cikin kaɗaici. Ku masu dattawa a gida, yaushe rabonku da jan zance da su?