Kawu Arzika da kwikwiyar da ke haɗiyar tsakuwa

Da safen nan ina ɗaura buhu a bayan mashin waya ta yi ƙara. Kawu Arzika na Mungadi ya rasu.

Sai na ga kaina zaune a kan buhun. Daga Allah muke, can kuma za mu koma.

Ɗansa Bashiru ne ya kira ni. Ya ce bayan sallar asuba ne, ya sha kununsa, ya jingina, shi ke nan. Na samu jana'iza, alhamdu lillahi. Amma a hanyar dawowa Aliero hawaye na zuba, dariya kuma na taso mini. Na rubuta wannan na goge, na sake rubutawa, don ban tabbata ya dace a yi ta'aziyyar dattijo da labarin kare ba. To amma duk wanda ya san Kawu ya san da haka zai so a tuna shi.

Ba mu haɗa jini ba. Abokin ƙanen mahaifiyata ne, na tashi na ji ana ce masa Kawu. Manomi ne mai taɓa farauta da rani, ba a raba shi da karnuka. Ni kuwa Mai Biro yake ce mini, don ya taɓa kama ni ina rubuta ranar da na yi dashe.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Na gama sakandare, mahaifina ya yanka mini wuri a fadama in gwada noman albasa. Babbar damuwata awaki. Ka juya ka ɗebo ruwa, sun shigo sun tattake maka dashe.

Wata rana sai ga Kawu a kan keke da kwando a baya. Cikin kwandon wata kwikwiya ce ja mai farin ƙirji. Maciji ya sari uwarta, karyar da ya fi ji da ita, 'ya'yan duk suka bi ta, sai wannan.

Ya ce, "Mai Biro, ga Barsu. Ita ɗai ta rage min, kuma in na dube ta uwatta nika gani. Riƙa min ita, in ta girma ta tsare maka albasa. Amana ce hwa."

Kai, na yi murna! Har rumfa na kafa mata a gefen gonar.

Ba a jima ba ta fara amai, ta rage cin abinci. Na duba aman, na ga tsakuwa a ciki. Na ce ƙila kuskure ne. Washegari da idona na gan ta da dutse a baki. Na daka mata tsawa, na bi ta da gudu, ita kuwa ta ɗauka wasa ne. Da na kusa cim mata sai ta haɗiye. Haka muka yi ta yi. Ni na bi, ita ta haɗiye.

Na je Mungadi ina tsara yadda zan ce amanarsa na neman mutuwa a hannuna. Bai ko ɓata rai ba. Ya ce gishiri jikinta ke nema kamar na shanu, in sa mata 'yar kanwa a ruwa. Na sa. Barsu ta shinshina ta yi gaba abinta. Har tsufansa in an tuna masa sai ya ce, "Ranan nan likitancina ya sha ƙasa."

Ranar da ta kwanta cikinta a kumbure, shi ya aro mashin. Yana tuƙi, ina baya rungume da kwando, muka nufi asibitin dabbobi a Jega, kowane rami sai ya ce, "Sannu Barsu," ni ko oho. Likitan ya lallatsa cikin, ya ce ƙanana ne, akwai fatan su fita da kansu. Ya hana mu ɗura mata mai ko sa ta amai da ƙarfi. Ya ba da magani har da na tsutsar ciki, ya ce a ba ta abinci mai laushi, in aman ya ci gaba ko ta kasa kashi mu dawo da gaggawa, don sai an yi aiki. Sannan ya ce, "Ku nemo inda take samun su, in ba haka ba kuna nan dawowa."

Kawu bai koma gida ba. Washegari da hantsi muna fadama Barsu ta miƙe, ta zagaya, ta tsuguna. Ya ɗauki kara ya tona. Sai kawai na ga dattijo ya yi tsalle, hula ta faɗi.

"Sun hito! Mai Biro, sun hito! Ina biron? Rubuta!"

Ni ma ban san lokacin da na fara ihu ba. Maƙwabta suka bar ban ruwa suka sheƙo, sun zaci rijiya ta rufta da wani. Suka tarar da mu biyu tsaye a kan kashin kare muna gaisawa kamar ranar suna.

Da dariya ta lafa, Kawu ya sake duba tsakuwar. Ya ce, "Tsaya. Wagga ta tudu ce. Fadama laka ce, ina tas samu dutse nan?"

Ya samu inuwa ya zauna, ya ce in ci gaba da aikina kamar ba ya nan.

Can akuya ta leƙo. Na sa hannu a aljihu na ciro tsakuwa na jefe ta, Barsu da ko ƙarfi ba ta da shi ta bi dutsen. Jim kaɗan na ji tausayinta, na sa hannu a aljihu na ciro ƙuli-ƙuli na jefa mata.

Sai Kawu ya ce, "Kai! Zazzage aljihun ga!"

Na zazzage. Tsakuwa da ƙuli-ƙuli a haɗe, girmansu ɗaya, duk sun sha mai suna ƙamshin gyaɗa. Haka kowa ke yi a fadamarmu: ka tsinto tsakuwar korar awaki a tudu kan hanya, ka sayi ƙulin karin kumallo, aljihu ɗaya. Maƙwabta suka zazzage nasu, haka. Kawu ya sa hannu a nasa yana mana tsiya. Ya fito da hannun, ga dutse ga ƙuli. Ranar har ƙasa na kwanta don dariya.

Ya ce, "To mi ya yi laihinta? Hannu guda, aljihu guda, jihwa guda. Ko ni sai in haɗe."

Daga nan muka gyara. Na daina jefa mata abinci, sai a kasko. Na tsince duk tsakuwar da na watsa a gonar, awaki kuwa na koma kora da sanda. Kawu ya kawo mata busasshiyar fatar shanu mai kauri, ya ce haƙora ke mata ƙaiƙayi, ta samu abin gwaguya. Ya ce in riƙa yawo da ita tana gajiya, don zaman banza ma na sa ta. Babban abin da ya hana ni shi ne bin ta.

"Kai da ka zuwa kasuwar Jega, ka taɓa ganin an ƙwace ma mutum kaya an zauna lahiya? Musanya aka yi. In tad ɗauki dutse, tsaya wurinka, nuna mata bushasshen kihi, ka ce saki. In tas saki, ba ta, ka yaba mata."

Ba rana ɗaya ta daina ba. Ta sha komawa, na sha cewa ni ne ban iya ba. Amma ranar da na ce saki ba kifi a hannuna, ta tofar da dutsen ta zo tana kaɗa wutsiya, da keke na tafi Mungadi in kai albishir.

Barsu ta girma, ta tsare mini albasa har ta tsufa. 'Ya'yanta sun kai har Sarandosa.

Kawu bai taɓa zuwa gidanmu hannu sake ba, ko zabuwa ko 'yar zuma. Da mahaifina ya kwanta jinya, shi ya riƙa yi mini ban ruwa ba tare da na roƙa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan babbar sallar da ta wuce ne. Bashiru ya gaya mini karen Kawu na ƙarshe ya mutu, ƙafa kuma ta hana shi fita, ya rage magana. A lokacin akwai wata kwikwiya a wurina daga zuriyar Barsu, ja mai farin ƙirji. Na yi ta shakka ko zai ɗauka tsokana ce. Daga ƙarshe na sa ta a kwando na ɗaura a mashin.

Yana zaune a ƙofar zaure na buɗe kwandon. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "Mai Biro, amanata kam maido?"

Na ce, "Ita ce, Kawu."

Ya miƙo hannu, na zaci gaisawa za mu yi. Ya ce, "A'a. Zazzage aljihun tukuna."

Yau da muka dawo daga maƙabarta na ga kwikwiyar kwance daidai inda tabarmarsa take, tana gwaguyar fata. Bashiru ya ce Kawu da hannunsa ya yanka mata.

Ya Allah, ga Kawu Arzika ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka musanya masa abin da ya bari da wanda ya fi shi. Tausayin da ya nuna wa dabbar da ba ta da bakin godiya, Ka saka masa da rahamarKa. Ka ba Bashiru da 'yan'uwansa haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, ko ba ku san shi ba, don Allah ku sa shi a addu'arku ta yau. Mai kwikwiyo a gida ko a gona kuma, ya duba aljihunsa, ladan ya je wa Kawu.