Kunnen Hagu na Surukina

Motata tsohuwa ce, irin waɗanda ake shigowa da su bayan sun gama yi wa Turawa aiki, kuma rediyon da ke cikinta shi ne wanda kamfani ya sa mata, mai bakin kaset. Ban taɓa damuwa da shi ba sai shekarar da ciwon suga ya kama surukina, mahaifin matata, ya zama ni nake ɗaukarsa daga Dugabau zuwa asibiti a Gwarzo.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana duban gefe, shi ke nan. A mota yakan zauna a baya ta hannun dama, ni kuwa in kafa ido a kan titi. Wata rana ya miƙo mini jakar leda ba tare da ya ce komai ba. Kaset-kaset ne na tafsirin malaminsa, wani dattijo na Kabo da ya daɗe da rasuwa, waɗanda aka ɗauka a zaure da ƙaramar rakoda. Tun da tasa rakodar ta mutu bai sake jin su ba. Na sa ɗaya, muka kama hanya.

A madubi na gane akwai matsala. Malamin ya ambaci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na yi salati, amma leɓɓan Baba ba su motsa ba. Mutumin da ko a kasuwa ba ya barin wannan ya wuce shi! Ashe lasifikokin baya sun mutu, na gaba kuma karkarwa suke yi kamar gwangwani, ga jinsa ya yi rauni. Da muka isa ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam," kamar ya ji komai.

Na kai motar wurin taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, mai gyaran wayoyin mota a Gwarzo.

"Kai dai bawana ne har abada," in ji shi. "Ka yi digiri, kana yawo da akwatin zamanin jahiliyya. Cire shi mu sa mai allo, har bidiyo ka kalla."

"Mai allon yana cin kaset?"

"Akuya ce shi da zai ci kaset? A juye su a waya mana."

"Ka je ka ce wa surukina ya ba ka su ka kai shagon juye-juye."

Ya ce, "A'a, wannan ya fi ƙarfina. A bar rediyon."

Na zauna a kan benci ina kallon aikinsa, kuma har yau ina jin daɗin tuna shi. Ya goge kan kaset da auduga da sifirit, ya canza robar da ke juya shi. Ya ɓalle murfin ƙofofi, ya yanka tsohon tif na taya ya liƙa a jikin ƙarfen don ya daina karkarwa. Ya ce kada in ɓata kuɗi a kan babbar lasifika mai dukan ƙirji, domin muryar mutum ba a can take zaune ba. Aljihuna bai wuce lasifika ɗaya mai kyau ba, ta hannu, sai ya ɗaura ta a ƙofar baya ta dama, daidai inda Baba yake zama. Muka gwada, har shafar takarda ana ji.

A tafiya ta gaba na ɗaga murya, ina leƙen madubi. Baba ya karkata kai, ya ƙanƙance ido, ya kama kalma ɗaya ya saki uku. Da zai sauka ya sake sa mini albarka, wannan karon har da ƙari, don ya lura an yi aiki. Hakan ya fi damuna. Na tambayi kaina ko don shi nake wannan ɗawainiya, ko don in cike shirun da ke takura ni. Har yanzu ban tabbata ba, wataƙila duka biyun ne.

Matata ba za ta iya tambayarsa ba, 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kira. Ni ma ba ni da bakin cewa, "Baba, wane kunne ne ya mutu?" Taubashina, wanda babu kunya tsakaninsa da Baba, ya ce in tsaya da shi a ƙofar shago kamar za a duba fitila. Ya durƙusa ta tagar dama ya gaishe shi.

"Baba, ina gajiya? Yaya jiki?"

"Gero ya yi kyau, alhamdu lillahi," in ji Baba.

Sai ya zagaya ta hagu, ya leƙo ya maimaita a hankali.

"Da sauƙi, ɗan nan, da sauƙi. Yaya aiki?"

Taubashina ya dawo yana danne dariya, ya raɗa mini, "Mun yi wa kurman kunne kwalliya, ni da kai. Kawo motar gobe."

Ya cire lasifikar daga ƙofa, ya haɗa mata ɗan akwatin katako, ya kafa ta a bayan kujera wajen tsakiya, tana fuskantar kafaɗar hagun mai zama a dama. Bai taɓa rediyon ba.

Mun bar Kabo ke nan, muna tsakanin gonakin dawa, mai jan baki a cikin kaset ya ja aya, malamin ya soma fassara. Sai na ji murya daga baya.

"Malam, mayar da shi baya kaɗan."

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa neman wani abu a wurina da bakinsa ba. Na rage gudu, na danna. Ayar ta sake fitowa, cikin muryar wani matashi mai kaifi. Baba ya saurara har ta ƙare, kansa a jingine, idonsa a rufe.

"Mai jan bakin nan ni ne," in ji shi. "Ashe haka nake sauri. Shi ya sa Malam yake yawan tsayar da ni."

Na ce, "Allah ya ji ƙan Malam."

"Amin. Bar shi ya ci gaba."