Tsamiyarmu ta Bakin Gulbi

A gonarmu ta gado, can bayan Argungu, akwai wata tsamiya da ke tsaye daf da gulbi tun ba a haifi babana ba. 'Ya'yanta ba irin na sauran ba ne. Tsaminsu kaɗan, zaƙi ya fi yawa, har mutum yakan ɓare ya tsotsa bai runtse ido ba. Uwargidana ba ta yarda ta dama kunu da wata in ba ita ba.

To, gulbi yana cin gaɓa kowace damina. Wata shekara na je na tarar da rabin saiwoyinta a waje suna reto a kan ruwa, ita kuma ta karkata kamar tsohuwar da allurarta ta faɗi. Na san ambaliya ɗaya ko biyu suka rage mata.

Za ka ce me ya hana ni shuka ƙwallon. Na taɓa shukawa da ƙuruciya, na yi shekaru ina jira, da ta yi 'ya'ya na tsotsa, har yau in na tuna sai haƙorana su mutu. Ashe ƙwallo ba ya riƙe halin uwa. Sai dai a yi mata aure irin na mangwaro: a yanko reshen mai zaƙi, a tsage kan wata ƙaramar tsamiya mai saiwarta, a soka shi, a ɗaure da leda har su haɗe.

Ni karatuna aji biyu ne, rabin na biyun ma a gulbi na yi shi ina kama kifi. Amma na taɓa tsayawa na kalli wani yana auren mangwaro, kuma ni in na kalli abu sau ɗaya, shi ke nan na zama malaminsa. Na reni 'yan tsamiyoyi ashirin a leda har suka yi kaurin fensir, na sayi reza.

A tsakiyar damina na fara, saboda ni manomin shinkafa ne, kuma a wurinmu duk abin da ake so ya rayu ruwa ake ba shi. Na aurar da goma, na jera su a gefen fadama, ruwa har wuyan leda. Kowace safiya in ɗauki buta in tsiyaya a daidai wurin ɗaurin, don kada ya ji ƙishi. Bayan mako biyu duk sun yi baƙi, fumfuna ta rufe su. Na ɗauko ɗaya na kawo gida ina jujjuya shi.

Uwargida ta ce, "Malam, wanga icce ne ko shinkafa?"

Na ce, "Ke dai zura ido."

"Ido na zura, hanci ne ya gaza. Fitar min da shi."

Tunda ruwa ya kashe su, sai na koma ɗaya gefen. Na bari sanyi ya shigo, lokacin da muke fama da albasa, na gwada biyu a fili kusa da fangalan albasar. Rassan suka bushe kamar tsinken sakace. Abokaina na majalisa suka ce laifina ne, ban nemi izinin masu gida ba, don kowa ya san aljanu a tsamiya suke zama. Na yi musu dariya. Amma washegari da na je gona, na duba gabas da yamma, na yi wa bishiyar sallama.

Saura takwas ke nan, kuma damina ɗaya ce tsakanina da rasa tsamiyar.

Ana nan na je Birnin Kebbi duba ɗiyata da ke aure a Gesse. A bakin titi na ga wata mata 'yar Filato tana sayar da dashen itatuwa a ƙarƙashin rumfa, mangwaronta duk masu aure, kowane ya kama. Na tsaya kamar mai saye, daga baya na kwashe labarina na gaya mata. Da na zo wurin buta, sai da ta zauna a kan bokiti don dariya.

Ta ce, "Baba, ciwo ne fa ka ji wa itacen. Kai in ka yanke a hannu, a kududdufi kake tsoma shi?"

Na ce, "To Madam, na sanyin fa? Ko ɗigo ban zuba ba."

"Lokacin tsamiya barci take yi, ruwan jikinta ba ya tafiya. Ka jira bazara, in ta zubar da ganye, idanun reshe suka kumbura amma ba su buɗe ba."

"Bazara? Lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa?"

"Shi ya sa kai ma za ka yi musu inuwa."

Ta ce in yanko rassan da sassafe, in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, in na ɗaure in kifa wa kowane ledar ƙanƙara don kada iska ta busar da shi, ruwa kuma a gindi kawai. Ta sa na maimaita sau uku, kamar ɗan aji ɗaya.

Da zafi ya tsananta na je, na tarar idanun sun kumbura yadda ta faɗa. Na hau karkatacciyar bishiyar nan da furfurata, gulbi a ƙarƙashina, ina salati ina yanka. Inuwa kuwa ba wadda ta kai rumfar zanar da uwargida ke girki, don haka na matsar da tukwanenta na jera takwas ɗin. Kwana uku tana ba ni tuwo ba magana.

A mako na uku ina alwala sai na ji ta ce, "Malam, taho ka gani." A cikin leda ga wani ɗan toho ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kafin wata ya cika biyar sun kama. Ta ce albarkacin rumfarta ne, ni kuwa ban yi gardama ba, don ina son tuwona da magana.

A daminar nan gulbi ya tafi da tsohuwar. Na je na tsaya a gaɓa, ruwa ne kawai yake wucewa a inda take. Biyar ɗin a tudu na dasa su, nesa da gaɓa, na kewaye su da ƙaya saboda awaki.

A shekara ta huɗu ɗaya ta yi 'ya'ya, guda uku rak. Da suka nuna na tsinko, na ce bari in ɗanɗana ɗaya a kan hanya don in tabbatar. Ita ce, babu ko shakka. Na sake tabbatarwa da na biyu. Kafin in iso ƙofar gida babu na uku. Na ce tsuntsaye ne suka riga ni.

Ranar wanki uwargida ta zazzage aljihun rigata, ƙwallaye suka zubo a cikin baho. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba min a tafin hannu.

Ta ce, "Wanga tsuntsu naka har aljihu gare shi. Baɗi ni zan bi shi gona."