Katin da na sayo a Goronyo

Kwamfutar ba tawa ba ce. Ta yayana ce, ya bar mini ita a Wurno da aiki ya kai shi Sakkwato, ya kuma ja mini kunne a kan abu guda: a cikinta bidiyon Babanmu yake, wanda aka ɗauka ranar auren yayarmu, yana yi wa ango da amarya addu'a. Bai shekara ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Inna takan shigo ɗakina ta zauna a tabarma in kunna mata. Ba mu da shi a wani wuri, ni ma ban taɓa tunanin kwafe shi ba.

Ni kuwa ƙwallon kwamfuta ce ta sha mini kai. Wasan yana tafiya kamar jaki da kaya, sai aka ce mini katin girafik zan saka, wanda ke sa hoto ya yi gudu. Na samo na hannu a Goronyo, wurin wani dillalin albasa da ya gaji da nasa. A ɗakin ajiyarsa ya ciro mini shi daga wata tsohuwar kwamfuta, ni ko dubawa ban yi ba don zumuɗi.

Kwana biyu na sha daɗi. A na uku 'yan wasa suka fara tsayawa cak a tsakiyar fili, hoto ya yi layi-layi kore, sai allo ya yi baƙi. Na sake sauke manhajar katin, na rage kyan hoton, na cire katin na mayar. Duk a banza. Minti goma sai kwamfutar ta mutu, gefen akwatinta kuma ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai.

Bazara ce, na ce zafi ne. Mu kuwa mun san maganin zafi. Na jiƙa buhun algarara sharkaf, irin wanda muke naɗe wa randa, na lulluɓe akwatin da shi har ramukan da iska ke fita. Har yaba wa kaina na yi.

Inna ta leƙo daga tsakar gida tana shaƙar hanci.

"Mi ka ƙonewa ɗakin ga? Wanga warin albasa na."

Na ce mata ba komai. Ban rufe baki ba na ji ƙas, fitilar akwatin ta ɗauke. Na danna, na sake dannawa, shiru. Ranar Laraba ce.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba faɗan yayana nake ji ba, wannan na saba da shi. Jibi nake hangowa, Inna ta shimfiɗa tabarma, ni kuma in ce mata na kashe muryar mijinta saboda ƙwallo. Tuwon ranar ko loma uku ban yi ba.

Washegari na ɗaure akwatin a bayan babur ɗin kabu-kabu zuwa Rabah, wurin wani mai gyara da aka ce hannunsa na da kyau. Duk ramin da muka faɗa sai in kai hannu in dafa akwatin. Da ya buɗe, ya zaro katin, sai ya juya mini fankarsa. Ɓawon albasa ne cunkushe a ciki, ya yi baƙi, fankar ko motsi ba ta yi. Ya shafa ƙasan akwatin, yatsansa ya fito da danshi, ya tambaye ni ko a gulbi ta kwana. Na faɗa masa maganar buhu. Dariya ta kama shi, amma da ya dubi fuskata sai ya haɗiye ta.

Ya ce katin ya tafi, sauran kuma sai sun bushe za a sani. Ya shanya kayan a kan benci, na zauna ina gadinsu har la'asar, ina karanta duk addu'ar da na iya. Da ya haɗa ba tare da katin ba, fitilar ta kama. Na nemo bidiyon, na ji Baba ya yi gyaran murya. Nan take na sa aka kwafe shi a fulash, ɗan ƙaramin abin ajiyar bidiyo.

Ranar Juma'a, bayan ta gama kallo, na faɗa wa Inna komai, na miƙa mata fulash ɗin. Ta juya shi a tafin hannunta, bai kai ɗan yatsanta tsawo ba.

"Ashe duk wanga lokaci babanku cikin akwati guda shike? Kuma kai ka wasa da shi?"

Sai ta kama bakin zanenta ta ƙulle fulash ɗin a ciki, ƙulli biyu, ta tashi ta fita da shi.