Mai Iyo a Hannun Masu Bindiga

Kafin yaƙi ni ɗan wasan iyo ne, na dogon zango. A Umbadda, wata unguwa a Omdurman, aka haife ni. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya yada zango a Omdurman, bai ƙarasa ba. Mu nan bahar muke ce wa kogin Nilu, kuma a cikinsa na yi shekaru ina gasa, na ci wasu, an kayar da ni a wasu.

Da faɗa ya rufe gadoji ina Kalakla, can ƙetaren kogi, wurin yayata. Inna kuwa tana gida ita kaɗai, ga tsufa. Mijin yayata ya samo mini wuri a kwalekwalen wani masunci, muka shiga da hantsi, mu da mata da ƙullin kaya. Muna tsakiyar ruwa aka buɗe wuta daga gaɓa. Ƙarar kamar ana kakkaɓe tabarma. Mutane suka karkata gefe ɗaya, kwalekwalen ya kife.

Na cafke wata jarka, wani dattijo ya cafke rigata. Na juya shi rigingine, na tallafi haɓarsa yadda aka koya mana. Ba halin nufar gaɓa, ko'ina harbi ake, sai muka bi ruwa, rana na gasa mu. Ya yi ta salati, can ya ce, “Ɗana, sake ni, ka gaji.”

Na ce, “Ban gaji ba, Baba.”

Na ci gaba da jan sa har la'asar, sannan na lura ya daɗe da yin shiru. Na duba fuskarsa, na sake shi. Ban yi kuka ba. Tafin hannuna nake kallo, duk ya yamushe.

Inda na fito, masu bindiga ne zaune a gindin bishiya. Suka dubi kafaɗuna suka ce soja ne. Na faɗa musu aikina, suka yi dariya, suka dake ni, suka kai ni wani siton siminti cike da maza. Abinci ruwan wake ne a roba, wani lokaci babu. Wanda ya mutu mukan jawo shi bakin ƙofa da safe. Da farko muna yi musu salla, daga baya ba mai ƙarfin tsayuwa.

Wata rana jirgin ruwansu ya nutse da akwatuna, sai wani ya tuna da ni. Suka ɗaura mini igiya a ƙugu, in nutsa in ɗauro akwati, su ja. In sun gaji da zama, su jefa takalmi a ruwa su ce in ɗauko. Ina ɗaukowa. Ladana burodi ne, muna raba shi da wani malamin makaranta da ke kwance kusa da ni. Shi ma mun jawo shi bakin ƙofa.

Watanni suka wuce. Wata safiya ba mu ji muryar masu gadi ba. Ƙofar ba a kulle take ba, amma har azahar ba wanda ya taɓa ta. Da muka fita, kowa ya kama gabansa ba sallama.

Na isa Umbadda a ƙafa. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta daɗe tana kallona, ta ce an riga an yi mini zaman makoki, har da sadaka. Ta shafa damtsena, ta ce, “Ka ci abinci?”

Na ce a'a. Ta hura wuta.

Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, ina amsa alhamdulillahi. Yanzu dako nake yi a kasuwa, jikina bai ciko ba har yau. Inna ta ce nakan zauna da kwano a gabana har abincin ya huce, sai ta taɓa ni sannan in ci.